Takaba a Gindin Anten

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Maryama ta ce in na ci gaba da yi wa bango magana za a ce takaba ta taɓa mini kai. Shi ya sa na ɗauko wannan kaye, littafin rubutu, ragowar waɗanda nake raba wa mata lokacin da nake koyar da yaƙi da jahilci.

An yi sadakar arba'in ɗin Malam, baƙi sun watse. Gida ya koma mu biyu, ni da autata Maryama, in ba a sa na cikinta a lissafi ba. Ta zo goyon ciki tun Malam yana da rai, shi da kansa ya je ya taho da ita daga ɗakin mijinta. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Haka aka yi mini, haka aka yi wa tsohuwata, kuma haka nake so in yi wa Maryama. Ƙarshen watan nan muke sa rai. Yayyenta maza suna can arewa wurin nema, ba su da abin da za su yi mana sai kiran waya.

Ni ba fita har wata huɗu da kwana goma su cika. Ba kwalli, ba turare, ba ɗaga murya. Na ƙarshen nan ne ya fi ba ni wuya.

Akwai kuma abokin zamanmu da ba ya cin tuwo sai man gazuwal, wato anten, dogon ƙarfen waya da ke tsaye a kusurwar gidan, inda garken tumakin Malam yake da. Bara wani kamfani ya nemi wurin, Malam ya ba su, suka katange shi suka yi masa ƙofa ta waje. Unguwarmu a kwari take, duwatsu sun rufe ta. Kafin zuwan ƙarfen nan duk mai son kira sai ya hau dutsen bakin hanya yana ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Da aka kunna shi har godiya aka zo aka yi wa Malam a zaure. Ban manta fuskokin da suka zo ba.

An ɗauke wutar kuran tun asuba, gurup ɗin anten, injin da ke ba shi wuta, yana ta kuka.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Balki ba ta shigo ba tun ranar arba'in. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, tun muna amare muke tare, ita ta riƙe ni ranar da na haifi Maryama. Mai takaba ana zuwa taya ta zama, ko baƙuwa ta san wannan, balle Balki.

Yau na ji motsi, na ɗaga kai, sai ga fuskarta a saman katanga. Ta kifa turmi ta hau.

"Ummu, ya ƙarin haƙuri?"

Na ce, "Da godiya. Ƙofar gidan ce ta ɓace miki?"

Ta ce gwiwarta ce ke damunta. Gwiwar da ba ta iya zagayowa ta zaure amma tana iya hawa turmi! Na bar ta da ƙaryarta. Can ta sassauta murya ta ce jikarta Habiba ta sake yin haɓo, jini har kan matashi. Kajinta sun daina ƙwai. Mijinta Bukar ba ya barci saboda ƙarar injin. Tana magana tana kallon bayana, ba ta kallona.

Na ce, "Balki, bazara ce. Wane yaro ne ba ya haɓo a watan nan? Kajina ma ba sa ƙwai."

Ta ce, "Ai shi ne."

Na juya na shige ɗaki raina a ɓace.

Talata, 6 ga Mayu, da rana

An kawo itacen wankan jego, an jibge mana kusa da madafi. Na wanke rabin tano, wato duro, da za mu riƙa dafa ruwa a ciki. Maryama na zaune tana dariya, wai ta ji labarin zafin hannuna, kada in dafa ta da rai. Na ce ta jira ta gani.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan azahar

Yau an yi abin da bai kamata ba.

A garin nan ko magini zai hau soro, ko wani zai hau bishiya ya sassabe reshe, sai ya tsaya ya yi kira sau biyu sau uku, "Za a hau! A kimtsa!" Ya ba mata lokaci su ja zane su shige ɗaki. Yaro ƙarami ma ya san haka. To, yau da hantsi ma'aikacin kamfanin ya zo gyara, baƙo ne, ba wanda ya gaya masa. Ya buɗe ƙofarsa ya kama ƙarfe ya hau abinsa. Zafin nan kowa ya san yadda mata ke zama a tsakar gida. Sai ihu muka ji daga gida zuwa gida, kwanoni na faɗuwa. Surukar Balki wanka take yi, banɗakinsu kuwa ba rufi. Ni ma kaina ba ɗankwali, na rarrafa ɗaki da gwiwa, ina cikin takaba wani ƙato yana bisa kaina.

Bukar ya fito da taɓarya. Da kyar aka riƙe shi har mutumin ya sauko yana ba da haƙuri da Faransanci, shi bai ma gane laifinsa ba.

A wannan kam ina bayan Bukar. Na so in leƙa in gaya masa haka, amma ba halin yi wa namijin waje magana.

Juma'a, 9 ga Mayu, da yamma

Bayan an sauko masallaci maza sun taru a ƙofar mai unguwa. Ba nisa, iska tana kawo magana har cikin zaurenmu. Na zauna bayan ƙyaure na ji abin da na ji.

Da farko maganar hawan jiya ce. Daga nan aka koma ciwon kai, da rashin barci, da matar wane da ta yi ɓari, da aradu in damina ta faɗi. Wani ya ce ya gani a waya, a wata ƙasa tsuntsaye suna faɗowa matattu. A wayar da yake kamawa da rezo, wato sabis ɗin ƙarfen nan, ya gani, amma ba wanda ya tuna masa.

Sai wata murya ta ambaci sunan Malam. Na san muryar, amma ba zan rubuta sunan mai ita ba. Ta ce, "Shi da ya kawo mana, ai shi ya fara ci."

Ba wanda ya ce a'a.

Na tashi na koma ciki. Maryama ta tambaye ni me suke cewa, na ce maganar kwata ce.

Asabar, 10 ga Mayu, da safe

Likita ya ce tansiyo ne, hawan jini, ya ɗauke Malam. A gabana ya faɗa. Mahaifin Malam ma haka ya tafi, lokacin ko fitilar kuran ba a sani ba a unguwar nan.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Suma'ila ya zo, mijin Maryama. Yaro mai kunya, tela ne a bakin kasuwa. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya yi gaisuwa ta kai ta kawo, ya ƙi tashi. Na gane da magana a bakinsa.

"Inna, dama mahaifiyata Hajiya ce ta ce in zo in gaishe ku."

"Muna amsawa."

"Ta ce kuma, in ba za ku ga rashin kunya ba, wai ko Maryama za ta koma wurinta can Gouna ta haihu. Saboda wannan abin." Ya nuna sama da haɓa, bai ɗaga ido ba.

Na ce, "Ka ce wa Hajiya na gode da kulawa. Uwar yarinyar tana nan da ranta."

Ya ce to. Ya ajiye ledar lemo ya fita. Maryama ta bi shi zaure, na ji tana ce masa ko da igiya aka zo ba inda za ta. Na ji daɗi har na ji kunyar jin daɗin.

Abin da ke cina, wa ya kai labarin unguwarmu har Gouna?

Litinin, 12 ga Mayu, da azahar

Maryama ta je awo. Na ce ta tambayi malamar matarnite, wato asibitin haihuwa, maganar anten, amma ta yi kamar ita ce ke son sani, kada ta ce ni na aiko. Malamar ta ce ita dai ba ta san wata illa da aka tabbatar ba, kuma kusa da gidanta ma akwai irinsa. Ta ce abin da za a kiyaye shi ne zafi da rashin shan ruwa. Ciki lafiya, kai ya juyo ƙasa.

Na yarda da ita ɗari bisa ɗari har zuwa la'asar. Da inuwar ƙarfen ta miƙo ta ratsa tsakar gida ta hau tabarmar da Maryama ke kwance, sai na ce ta tashi ta koma ɗaki, wai rana za ta same ta.

Laraba, 14 ga Mayu, da yamma

Hajiya Delu da kanta, uwar Suma'ila. Ta biyo motar kasuwa ta zo. Ta yi gaisuwar mutuwa yadda ya kamata, har da hawaye, ban ce na ƙarya ba ne. Na kawo mata ruwa daga randa, ta karɓa ta yi godiya ta ajiye. Har ta tafi bai ragu ba.

Ta ce, "Hajiya Ummu, ni ban zo ƙwace ba. Hakkinki ne, kowa ya sani. Amma jikan fari ne a wurina. In wani abu ya faru a gidan nan, ko ba abin nan ne sila ba, bakin duniya ba zai bar ki ba, ke ma zuciyarki ba za ta bar ki ba."

Na ce, "In kuma ya faru a Gouna fa? Nan matarnite na bayan gida. Can in abu ya rikice sai an nemo mota."

Ta ce suna da gidan likita, mata na haihuwa kullum. Ta ce in ina so ni ma in biyo su, ai malamai sun ce lalura tana sa mai takaba ta canza gida.

Na san sun faɗa. Amma in na sa ƙafa na bar gidan nan, gobe a ƙofar mai unguwa za a ce ko matarsa ta gudu daga abin da ya dasa. Zaman nan shi ne abu na ƙarshe da zan yi wa Malam, a ɗakinsa zan yi shi. Na gaya mata haka. Ta jinjina kai.

Da za ta tashi ta ce, "Ni da ban ma sani ba, sai da maƙwabciyarki ta same ni a wurin suna ta ce in ina son jikana in yi wani abu."

Na raka ta iyakar zaure.

Alhamis, 15 ga Mayu, da hantsi

Ni ma ina da turmi. Na kifa na hau, na manta da maganar rage murya.

"Balki! Fito."

Ta fito hannunta duk ƙullu. Ban yi kwana-kwana ba, na ce ita ce ta je ta haɗa ni da surukaina? Na zaci za ta yi rantsuwa ta musa. Sai ta goge hannu a zane ta dube ni ido cikin ido.

"Ni ce. Kuma gobe ma sai in sake."

Na ce, "Ke ce uwarta?"

Ta ce, "Ni na fara ɗaukar ta kafin ke, kina kwance ba ki san inda kike ba. Ummu, ke kin yi boko, kina da amsar komai. Ni ba ni da amsa, tsoro nake ji. Na ga Malam yana riƙe kai a ƙarƙashin abin nan wata da watanni. Ke ma kin gani."

Na ce kada ta ƙara sa sunansa a bakinta. Na ce mata wasu abubuwan kuma, ba zan rubuta su ba. Na sauko, turmin ya goce, na ƙuje gwiwa. Maryama ta wanke mini.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ba kowa a katanga. Ni ba na ciwon kai. Nauyi ne kawai, na rashin barci.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan azahar

Maza sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar anten, Bukar a gaba. Sun ce ba mai shiga. Motar gazuwal ta zo ta tsaya, aka yi ta cacar baki, ta juya. Yanzu har shayi suke dafawa a wurin. Bangon ɗakin Malam ne ya raba mu da su, duk tarin da aka yi ina ji.

Wani ya jefo dutse, ya daki ƙarfe ya faɗo cikin gidanmu kusa da randa. Na ji Bukar yana zagin wanda ya jefa, yana cewa akwai mai ciki da mai takaba a ciki. Na gode masa a zuci, ban so ba.

Na ɓoye dutsen kafin Maryama ta fito.

Litinin, 19 ga Mayu, da la'asar

Muna tsince shinkafa, Maryama ta ajiye faifai ta dafe goshi da tafin hannu biyu. Ta ce, "Inna, kaina kamar ana daka a ciki."

Haka Malam ya ce. Kalma ɗaya ba ta canza ba. A wurin nan ma yake zaune, jingine da wannan bangon.

Na sa ta sha ruwa, na jiƙa zane na ɗora mata. Na kira Suma'ila ya zo ya kai ta aka auna. Sun dawo, an ce tansiyonta daidai, zafi ne, ta rage zama a waje. Kafin magariba har tana cin mangwaro tana tsokanata.

Zafi ne. Na sani zafi ne.

Talata, 20 ga Mayu, da asuba

Na idar da salla na daɗe a zaune. In na riƙe ta, don wa na riƙe ta?

Talata, bayan la'asar

Ta tafi.

Ni na kira Hajiya Delu da bakina na ce a zo a ɗauke ta. Da na gaya wa Maryama ta ɗauka wasa nake. Da ta ga ina ninke mata zannuwa sai ta fashe da kuka.

"Inna, ke ma kin yarda da maganarsu?"

Na ce ban yarda ba.

"To don me?"

Na ce don na ce. Na ɗaure fuska irin yadda nake yi mata tana yarinya in ta ƙi zuwa lakwal, wato makaranta. Ta ce ita tsoro take ji, ba ta san yadda abin yake ba, tana son in kasance kusa. Na ce mata duk macen da ta gani a duniya da ɗa a baya ta wuce wurin, kuma ga waya, ko yaushe ta kira ina nan, ina zan je? Na sa mata kanwa da yaji da kayan jariri a jaka. Na rubuta wa Hajiya yadda take son kununta, ba tsami da yawa, sai na tuna Hajiya ba ta karatu, na yaga.

Suma'ila ya samo mota. Na tsaya a bakin zaure daga ciki. Maza na kan tabarminsu suna kallo. Da motar ta tashi na ga labulen ƙofar Balki ya motsa.

Ban yi kuka ba sai da na ga takalmanta na roba a ƙofar banɗaki.

Alhamis, 22 ga Mayu, da hantsi

Muna waya safe da yamma. Ta ce Hajiya na kula da ita, har ta hana ta ɗaukar buta. An yi yayyafi a can, an fara gyaran gona. Ta ce kanta bai ƙara ciwo ba. Na ce alhamdu lillahi. Na rasa ko daɗi zan ji ko haushi.

Na tambaye ta nisan likita daga gidan. Ta ce Inna kin tambaya jiya.

Asabar, 24 ga Mayu, da rana

Sun ci nasara. Mutanen kamfani sun zo da 'yan sanda biyu, aka yi magana da mai unguwa. An ce za a kashe anten ɗin har a zauna a meri, ofishin magajin gari, a ji ta bakin kowa. Yaushe za a zauna, ba wanda ya sani.

Ina tsakar gida gurup ya yi shiru. Na ji kabbara a waje, yara na tsalle. Kunnena ya yi wani irin sakayau, har kukan kurciya na ji a bishiyar su Balki. Ba zan yi ƙarya ba, shirun da daɗi.

Sai na duba waya. Ba rezo, ko sanda ɗaya. Na zagaya gida kusurwa kusurwa, na hau turmi, na hau kan itacen jego ina ɗaga hannu. Babu.

Na ce mata ko yaushe ta kira ina nan.

Lahadi, 25 ga Mayu, da yamma

An koma hawa dutse. Mai kawo mini ruwa ya ce har layi ake yi, kuma waɗanda suka fi zama a tabarma su suka fi yawa a can. Suma'ila ya biyo da la'asar ya ce ya yi magana da ita, tana gaishe ni, ta ce bayanta na ɗan riƙewa. Na tambaye shi riƙewa irin yaya, yana zuwa yana tafiya ne ko tsaye yake? Ya sunkuyar da kai ya ce bai tambaya ba. Namiji ke nan.

Litinin, 26 ga Mayu, da hantsi

Suma'ila ya zo a kan moto, wato babur, ko kashewa bai yi ba. Naƙuda tun daren jiya. Sun kai ta likita da asuba, har yanzu shiru. Ya ce, "Inna, da na isa zan kira ku." Muka dubi juna, muka tuna ba rezo a gidan. Ya ce zai san yadda zai yi.

Bayan moton a sake yake, ba kowa. Na dube shi. Na koma ciki.

Litinin, bayan azahar

Na share gida. Na sake sharewa. Na ɗora tukunya na manta ban sa komai a ciki ba.

Haihuwar fari tana daɗewa. Ni ma na daɗe. Amma ni tsohuwata na bayana ta riƙe mini kafaɗa.

Litinin, bayan la'asar

Na fita.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ja babban mayafi na rufe har fuska, na ɗauki waya, na tsallake dokin ƙofar da ban tsallake ba tun ranar da aka fitar da Malam. Titi ya yi mini faɗi. Na nufi dutse, na hango maza a kai tsaitsaye. Ban kai kwanar masallaci ba na ji an damƙe mini hannu.

"Ummu! Kin haukace? Koma."

Balki ce. Na ce ta sake ni. Na ce, "Kun kashe, kun huta. 'Yata na can tun jiya, ban san ko tana da rai ba." Muryata ta fita yadda ba ta fita ba tun rasuwar, mutane suka juyo.

Ta yafa mini gefen mayafinta ta tura ni har cikin zaure, ta karɓe wayar ta fita. Ta tsagin ƙyaure na ga tana hawan dutsen nan da rarrafe, hannu da gwiwa, maza na matsa mata. Ashe gwiwar da gaske tana ciwo.

Ta dawo tana haki. Ta kira Suma'ila ya fi a ƙirga, tana shiga ba ya ɗauka. Ta Hajiya a kashe.

Na zauna a ƙasa. Balki ta tsaya a kaina, can ta ce, "Tashi ki shiga ciki. Ni zan je."

Na ce yamma ta yi, kuma hadari na haɗuwa a gabas.

Ta ce, "Ni na sa aka kai ta." Ta leƙa waje ta ƙwala wa wani ɗan kabu-kabu kira. Ko gida ba ta koma ta canza zane ba, ta aika a gaya wa Bukar.

Talata, 27 ga Mayu, da asuba

An yi ruwa, na farko a bana. An yi tsawa sosai, ƙarfen yana nan tsaye. Ba labari.

Talata, da hantsi

Sallama a ƙofar zaure, muryar namiji. Bukar. Bai shigo ba, ni ma ban fito ba, ya yi magana da bango.

"A gaya wa mai gidan nan an sauka lafiya. Namiji. Uwa da ɗa suna lafiya. Ta sha wuya, amma an sauka."

Ban ji tafiyarsa ba. Sai ya ƙara da cewa tun asuba yake kan dutse yana jiran kiran. Ban san me yake so in yi da wannan ba. Na buga ƙyaure sau ɗaya don ya san an ji.

Na yi sujada a nan cikin zaure, a kan ƙasa mai laima.

Talata, bayan la'asar

Balki ta dawo, zanenta duk taɓo. Ta ƙofa ta shigo. Ta wuce har ɗakina ta zauna a bakin gado ta miƙe ƙafa, ta sha ruwan randa moɗa biyu.

Ruwa ya kama su a hanya, sai bayan isha ta isa. Ta tarar an hana Suma'ila shiga, yana waje ya rasa inda ya jefa wayarsa. Hajiya Delu jiri ya ɗebe ta, an fitar da ita. Malamar ta ce mace ɗaya ta shigo ta riƙe yarinyar, Balki ta ce ita ce. Yaron ya zo da cibiya a wuya, malamar ta warware, ya ɗan jima kafin ya yi kuka. Yanzu yana tsotso kamar wanda aka biya. Ta ce goshin Malam ne sak. Hajiya ce za ta yi wankan, can za su yi arba'in. Ta nuna mini hannunta, duk shaidar farcen Maryama.

Na riƙe hannun ina kallo. Akwai tambayar da nake ta zagayewa, na tambayi nauyin yaro, na tambayi ko an ba ta kunu, na tambayi ko ɗakin na da iska. Daga ƙarshe dai na yi.

"Ta neme ni?"

Balki ta kau da kai. Ta ce da abin ya yi tsanani Maryama ba ta gane kowa, idonta a rufe, ba abin da take cewa sai Inna, Inna.

"Sai kika ce mata me?"

"Sai na ce na'am."

Na ce ta kyauta. Da gaske na faɗa, Allah ya sani. Na dubi ƙarfen can ta taga, yana tsaye shiru. Na ce, "Sau nawa ta kira?"

Ta ce, "Ban ƙirga ba, Ummu. Duk wanda ta kira na amsa."